Maƙerin Filin Jirgi

Kafin a kira wurin filin jirgi, gonar baban su Maƙeri ce. Doguwa ce, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari, tana kwance tsakanin gari da kogi, hanyar ɗiban ruwa kuma ta ratsa ta tsakiyarta. Shimfiɗar nan tata ita ta ja musu. Ana tsakiyar yaƙi, wata safiya motar soja ta tsaya a bakin gonar, mutum biyu suka sauko da wani abin awo mai ƙafa uku, suka leƙa gabas, suka leƙa yamma, suka koma mota ba su ce wa kowa ci kanka ba. Hatsi bai gama fitar da kai ba sai ga katafila.

Maƙeri a lokacin bai daɗe da aure ba. Duk gari Maƙeri ake ce masa, amma yayarsa, wadda ta goya shi tun da uwarsu ta rasu, ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Auta. Yana maƙera yana gyaran bakin fartanya ta faɗo masa ko takalmi babu.

"Auta, tashi! Baba ya shiga gaban motar nan."

Da suka isa, tsohon yana tsaye a tsakiyar shukarsa riƙe da sanda, katafila na huci a gabansa. Ba ihu yake yi ba. Cewa kawai yake a bari ya girbe, in ya girbe su ɗauki gonar. Wani saje mai kaurin wuya ya zo ya tsaya, ya saurare shi har ya kai aya, sannan ya juya bindiga ya ɗirka masa gindinta a muƙamuƙi. Daga inda yake Maƙeri ya ji ƙarar ƙashin, kamar an taka busasshen kara. Ya zabura, Yaya ta cafke rigarsa ta baya da hannu biyu tana cewa a kunnensa, "Kashe ka za su yi, kashe ka za su yi." Suka ɗauko tsohon zuwa gida, baki a karkace, haƙoransa a tafin hannunsa. Bai sake tauna komai ba. Ruwa-ruwa Yaya take ɗura masa da cokali, har ya rasu kafin kwalta ta bushe a gonarsa.

Sojoji suka kwashe duk wani mai ƙarfi a gari suka sa shi aiki. Maƙeri aka kafa masa wuta a bayan rumfar jirage, yana ƙera turaku, yana liƙe gangunan mai da suka huje. Filin ba wani babba ba ne: titi guda na kwalta, rumfa guda ta kwano, hasumiyar katako da soja ke tsayawa a kai, sai jirage 'yan kaɗan masu farfela, waɗanda kan tashi ciki cike da bama-bamai su dawo wayam, wata rana ma su dawo ba su cika ba. Aka zagaye wurin da waya mai ƙaya, hanyar kogi ta toshe. Mai son ruwa sai ya zagaya ta can ƙarshen titin, tafiyar da kan cinye hantsi gaba ɗaya.

Mijin Yaya ruwa yake sayarwa a kan jakuna. Mutum ne mai barkwanci, yakan ce jakunansa sun fi shi hankali, shi kuma ya fi su kyau da ɗan kaɗan. Zagayen ya galabaitar da dabbobinsa har ɗaya ta faɗi a hanya ba ta tashi ba. Sai ya gano inda waya ta saki, ya fara ratsawa da sassafe kafin a sa ido. Rannan ya makara. Sojan hasumiya bai yi masa kashedi ba. Harbin farko ya sami jaki, garewani suka tarwatse a kwalta. Na biyu ya same shi a ciki. Maƙeri yana bayan rumfa, awartaki a hannunsa, yana hangen surukinsa na jan jiki, yana tare hanjinsa da hannu ɗaya, ruwan sayarwa da jini na gangarawa tare zuwa lambatu. Saje ya ce ba mai taka titi sai jirage sun tashi. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suna ɗan kauce masa, iskar farfela na kaɗa rigarsa. Yana ta kiran a ba shi ruwa.

Yaya ce ta shigo ta babbar ƙofa. Sojan ƙofa ya sa mata bindiga a ƙirji, ta ture bakin bindigar kamar mai ture reshe a hanya, ta wuce. Ba wanda ya harba, kuma har Maƙeri ya tsufa bai san dalili ba. Ta zauna a kwalta mai zafi ta ɗora kan mijinta a cinya, amma ya riga ya cika. Ita da ƙaninta suka ɗauke shi. A hanya ba ta yi kuka ba.

"Kana tsaye, Auta," ta ce.

"Yaya, da bindiga a kaina."

"Na sani. Amma kana tsaye."

A shekarar ƙarshe yaƙin da suke kai wa wasu ya biyo su har gida, da rana tsaka, leburori na zaune a inuwar rumfa. Jiniya ba ta gama kukan farko ba jiragen abokan gaba suka ɓullo ta bisa kogi, ƙasa-ƙasa, har ana ganin kawunan matuƙan. Bom na farko ya ɗauke hasumiya da sojan da ke kanta. Na biyu ya faɗa kusa da inda aka jibge gangunan mai. Leburori suka watse, Saje ya tare su da ƙaramar bindiga, ya ce kowa ya koma ya mirgino ganguna nesa da wuta. Wani magini ya ƙi juyawa, ya harbe shi a fuska. Suka koma. Gangunan sun yi zafin da fatar hannu ke mannewa a jikinsu. Maƙeri ya mirgina ɗaya, ya dawo ya kama ta biyu, sai komai ya yi fari fat.

Ya farka a cikin lambatu, hannun rigarsa na ci da wuta, kunnensa na hagu ya toshe, toshewar da bai sake buɗewa ba. Mutane na gudu a kan titi wuta na cin jikinsu, bakunansu a buɗe, shi bai jin komai. Ya hangi Saje a zaune jingine da tayar jirgi, yana ta yunƙurin tashi yana mamakin abin da ya hana shi. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu komai. Ya miƙo wa Maƙeri hannu. Maƙeri ya kashe wutar hannunsa da taɓo, ya bi ta gabansa ya wuce.

Da yaƙi ya ƙare sojoji suka tafi yadda suka zo, ba sallama. Suka bar kwalta mai ramuka, rumfa rabi a ƙone, da gawarwakin jirage a cikin ciyawa. Mutanen gari da waya suka fara, suka naɗe ta tas, hanyar kogi ta buɗe. Maƙeri da abokin sana'arsa, wani sarkin surutu da ake kira Gajere, suka far wa jiragen da guduma da zarto. Ashe jikin jirgi dalma ce mai kyau, tana narkewa kamar kitse. Suka dinga zuba tukwane da ludaya da faranti. Kujerun matuƙa suka koma shagon masu aski, tayoyi suka zama takalma. In mace ta kushe kaya, Gajere kan ɗaga tukunya sama ya ce, "Baiwar Allah, tukunyar nan ta je ƙasashen da kakanki bai taɓa jin labarinsu ba, ba ta ɗaukar raini."

Gajere ne ya tono wani ƙarfe a cikin ciyawa, dogo mai kama da ƙaton kifi, da zoben tagulla a gindinsa. Maƙeri ya ce a bar shi inda yake.

"Kai kurma ne," in ji Gajere, "shi ya sa ba ka ji tagullar nan tana kirana ba."

Maƙeri ya tafi ɗebo gawayi. Yana dawowa ƙarfen ya fashe, ashe bom ne, ƙarar ta ɗaga shi ta maka da ƙasa. Abin da aka tsinta na Gajere a buhu ɗaya aka kai wa matarsa.

Kwaltar kuwa mata ne suka gaje ta, kuma Yaya ce ta fara. Ta zo da tsintsiya ta share daidai inda mijinta ya faɗi, ta shanya hatsinta a kai. Washegari wasu suka biyo ta. Kafin wani lokaci titin ya zama wurin shanyar gari, nan ja na barkono, can fari na hatsi, mata na tafe a tsakani suna juyawa da ƙafa suna korar awaki. A can ƙarshe masu koyon mota na ta kashe inji suna tayarwa, da yamma samari su buga ƙwallo, a ƙarƙashin rumfar jirage kuma 'yar kasuwa ta kafu. Yaya ce ke raba wuri, ita ke raba faɗa, kuma ba a ɗaukaka ƙara in ta yanke. Waɗanda aka haifa bayan yaƙi Kwalta kawai suke ce wa wurin.

Abin da garin bai da shi shi ne asibitin kirki. Babban asibiti yana can bayan duwatsu, tafiyar yini a mota in hanya ta yi kirki, da damina kuwa sai yadda ta yiwu. A wannan hanyar matar Maƙeri ta rasu a haihuwarta ta ƙarshe, a bayan babbar mota da ta kafe a taɓo, kanta a kan ƙonannen hannunsa, fasinjoji na ta turawa tayar na juyawa a banza. Bai ƙara aure ba. Ya rungumi maƙera, ya koyi walda, ya rage magana.

Furfura ta cika kansa lokacin da wani kamfani ya karɓi filin. Za su kawo jiragen feshin gonaki, da wani ƙaramin jirgi mai kawo wasiƙu da likita, wanda zai iya ɗaukar mara lafiya zuwa babban asibiti kafin shayi ya huce. Manajan, matashi mai ladabi, ya zo maƙera da kansa, ya durƙusa ya yi dogon bayani a kunnen da ba ya ji, sai da Maƙeri ya juyo masa ɗayan ya sake daga farko. Turakun shinge yake so, da babbar ƙofar ƙarfe.

"Hanyar kogi fa?" in ji Maƙeri.

"Za a duba, Baba."

Maƙeri ya san me ake nufi da za a duba. Amma ya tuna bayan motar nan da taɓon nan, ya ce ya karɓa.

Da yamma Yaya ta zo. Ta tsufa, ta rankwafa, amma muryar na nan. Ba ta zauna ba.

"Auta, an ce kai za ka ƙera musu ƙofa."

"Ni ne, Yaya."

"Da hannun nan da suka gasa maka?"

"Waɗannan ba sojoji ba ne. Likita za su kawo."

"Waya dai waya ce, ko wa ya ja ta. Baba ya mutu a kan wurin nan. Uban 'ya'yana ya mutu a kai yana roƙon ruwa. Mu muka share jinin, mu muka cike ramukan da kanmu, yanzu wani mai farar riga ya zo ya ce mu zagaya?"

"Uwar 'ya'yana fa, Yaya? A ina ta mutu? Da akwai jirgin nan da tana raye."

Yaya ce ta yi wa gawar matar wanka. Ta ce, "Allah ya ji ƙanta. Amma ran da ka kafa ƙofar nan, ka san ta wane gefe nake."

Shinge ya tashi. Mata suka koma zagaye da bokitai a ka, hatsi ya fara ruɓewa a ɗakuna don ba wurin shanya. A kasuwa mutane suka daina amsa gaisuwar Maƙeri. Aka yanke waya, kamfani ya ɗinke, aka sake yankewa. Sai Manaja ya ɗauko masu gadi daga wani gari, samari majiya ƙarfi da ba su san kowa ba. Shugabansu ya kawo sandunansu maƙera ya ce a sa musu ƙarfe a kai, wai saboda karnuka. Maƙeri ya juya sanda ɗaya a hannunsa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya zuga wuta.

Ran da jirgin likita zai fara sauka, Maƙeri yana bakin ƙofa tun da hantsi yana daidaita ƙyauren da ke gogar ƙasa, babbar gudumarsa a hannu. Sai ya ga mata na shigowa ta inda aka yanke waya, kowace da buhu a ka, ba hayaniya. Suka kwance buhuna suka baza hatsi daga wannan gefen titi zuwa wancan, suka zauna. Yaya na tsakiya, ta miƙe ƙafafu, tana tsince tsakuwa a hatsinta kamar kowace rana.

Manaja ya fito da amsa-kuwwa yana roƙo. Iyayena, in ji shi, don Allah, don darajar 'ya'yanku. Ba wadda ta ɗaga kai. Jirgin ya ɓullo, fari, ƙarami, ya zagaya sau ɗaya, ya sake zagayawa. Manaja ya dubi sama, ya dubi matan, gumi ya jiƙa masa riga, ya juya wa shugaban masu gadi ya ce a tashe su, amma a hankali. Ƙarshen maganar ba wanda ya ji shi.

Masu gadi suka shiga da gudu suna zamewa a kan hatsi. Sandar farko ta sauka a kafaɗar wata mai goyo, ta kife a kan jaririnta tana kare shi da jikinta. Wata ta watsa wa mai gadi barkono a ido, ya dinga kai duka ta ko'ina yana ihu, ya fasa bakin wata yarinya. Aka ja wata tsohuwa a ƙasa ta ƙafa. Yaya ta miƙe da ƙyar, ta ɗaga hannu, wataƙila tsawa za ta yi, wataƙila cewa za ta yi a tsaya. Wani dogon mai gadi, wanda gemu bai gama fito masa ba, ya juyo a tsorace ya sauke mata sanda a gefen kai. Ta durƙusa, ta dafa ƙasa, jini ya zubo a kan farin hatsi, sannan ta kwanta a hankali kamar mai jin barci.

Maƙeri bai san ya yi gudu ba. Ya dai ga bayan wuyan dogon yana matsowa, ya ga nasa hannun ya ɗaga guduma yadda ya saba ɗagawa a kan maƙera. Yaron ya waiwayo daidai lokacin. Gudumar ta same shi a saman kunne, ƙarar ba ta da yawa, ya zube a jikin Yaya ƙafafunsa na shure-shure.

Daga nan abin ya fi ƙarfin kowa. Mazan gari, da suka ji ihun matansu, suka kwararo da duwatsu da fartanyu da itacen wuta. Suka tumɓuke turaku, suka kifar da motar Manaja, suka cinna wa ɗakin masu gadi wuta. Aka kama shugaban masu gadi a jikin waya, aka yi ta jibgarsa da sandarsa har hannunsa ya lanƙwashe ta inda hannu ba ya lanƙwashewa. Wani ya ɗauki sandar ya duba ƙarfen kanta, ya gane aikin, ya ɗaga ta sama yana ihu, "Maƙeri ne! Shi ya ƙera musu!" Dutse ya sami Maƙeri a baki yana durƙushe yana ƙoƙarin janye yayarsa daga ƙarƙashin yaron. Ya tofar da haƙori, bai ko waiwaya ba. Can cikin gari hayaƙi ya tashi daga inda maƙerarsa take.

Jirgin bai koma ba. Ya sauka a ciyawar gefen titi, yana tsalle yana tangaɗi, ya tsaya daf da lambatu. Mutane suka nufe shi da wuta a hannu. Ƙofa ta buɗe, wata mace gajera mai tabarau ta sauko da jaka, ta ratso su kamar ba ta ga wutar ba, tana cewa, "Ina waɗanda suka ji ciwo? Ku matsa, ku ba ni hanya." Ganin mace da jaka ya sa hannuwa suka sauka. Ta bi su ɗaya-ɗaya, tana ɗaure wannan, tana cewa wancan ya danne nan. Da ta iso wurin Maƙeri ta durƙusa, ta buɗe idon Yaya ta haska, ta taɓa kan yaron, yatsunta suka nutse inda ya kamata su tarar da ƙashi.

"Gado ɗaya ne a jirgin," ta ce. "Yaron nan zan ɗauka."

"Likita, yayata ce. Ita ta raine ni. Don Allah."

"Ƙashin kansa ya burma ciki, Baba, ba zai kai la'asar ba. Ita tana numfashi daidai, za ta iya jure mota."

"To ku kai shi ku dawo."

Ta nuna masa titin da haɓa, duwatsu da turaku da wuta, ta nuna hadarin da ya haɗo a bisa duwatsu. "Da ƙyar muka sauka. Matuƙi ba zai sake ba yau." Tana naɗe kan yaron ta tambaya ba tare da ta ɗago ba, "Da me aka buge shi haka?"

"Guduma."

"Wa?"

"Ni."

Ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "To kai ka ba shi gadon. Kama min ƙafafunsa."

Ya kama. Shi da Manaja, wanda goshinsa ke zubar da jini, suka ɗauki yaron zuwa jirgi. Bai da nauyi kamar yadda tsawonsa ya nuna.

Yaya a bayan babbar mota aka kai ta, a kan buhunan hatsin da aka kwashe daga titi. Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, hanya ta yi abin da ta saba. Maƙeri ya sauka ya tura tare da sauran har jijiyoyin wuyansa suka fito, bakinsa na zubar da jini a taɓo. Sai washegari suka isa. Likitocin can suka ce jini ya taru a kanta tun jiya, da an zo da wuri da an zuƙe shi. A bakin ɗakin da aka kwantar da ita 'yan sanda suka sa masa ankwa. Ya roƙi a bar shi ya ga ta buɗe ido. Ba a bari ba.

Yaron ya rayu, shi ya sa ba a rataye Maƙeri ba. Amma bai sake aiki ba, farfaɗiya ta kama shi, maganarsa ta koma ta ƙaramin yaro. A kotu uwarsa ta zo ta tsaya gaban Maƙeri, ba ta zage shi ba, ta ce, "Satinsa na farko ke nan a aiki." Wannan maganar ta fi shekarun kurkukun yi masa nauyi.

Ya fito ya tsufa sosai. Filin na aiki. Jiragen feshi na tashi da safe, jirgin likita na zuwa, har da wani mai ɗaukar 'yan fasinjoji. Bayan rigimar kamfani ya buɗe ƙananan ƙofofi biyu a tsakiyar shinge, da mai tuta da ke tsayar da mutane in jirgi zai sauka, aka kuma bar wa mata daɓen simintin bayan rumfa su yi shanya. Abin da za a iya yi tun farko ke nan, kowa ya faɗa, bayan an gama.

Yaya na gidan babbar 'yarta. Ya tarar da ita a tabarma a tsakar gida, gefen damanta ya mutu, bakinta ya karkace. Ya durƙusa a gabanta, duk maganar da ya shirya a kurkuku ta gudu. Ta daɗe tana dubansa da ido ɗaya mai kyau.

"Ka rame," ta ce, kalmomin na fita da ƙyar. "Kuma ka ƙara muni."

"Yaya, ni na..."

"Rufe min baki. An gaya min komai." Ta yi numfashi. "Yaron mutane fa?"

"Yana raye. Ba dai lafiya."

"Ka je ka gan shi?"

"Ina jin kunyar uwarsa."

"Ka je da kunyar taka."

Ya je. Uwar ba ta ba shi wurin zama ba, amma ba ta kore shi ba, kuma ya ci gaba da zuwa duk lokacin da ya sami mota, yana gyara musu abin da ya lalace a gidan. Yaron bai gane shi ba. Yakan yi murna in ya gan shi, ya riƙe masa ƙusa.

A gari kuwa ya kafa 'yar rumfa a kan tokar tsohuwar maƙerarsa. Aikin farko da ya yi kujera ce mai tayoyin keke. Yaya ta ƙare mata kallo ta ce ta ga amalanken da ya fi ta fasali, sannan ta ce a ɗora ta. Tun daga ranar kullum da hantsi yakan tura ta zuwa daɓen shanya, inda take nuna wa mata wurarensu da hannun hagu, tana raba faɗa da rabin baki, suna bi. Ba ta taɓa ce masa ta yafe ba, shi ma bai tambaya ba. Haka suka yi damina biyu kafin ta rasu.

Masu shaguna a hanyar sun daɗe suna ba da labarinsu: tsoho kurma yana tura tsohuwa, tayar kujera na ƙara, ita tana ta faɗa a gefen kunnen da ba ya ji. In ta lura bai amsa ba sai ta kai hannu baya ta finciko rigarsa, ya sunkuyo da ɗayan kunnen.

"Na ce ka tura a hankali, Auta. Ba buhu ka ɗauko ba."